Dan Allah me zan ba yarana su yi a hutun nan banda waya? Kuɗi ma babu

Maman_Uku:

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana, a taimaka min da shawara don wallahi na kai maƙura. Yarana uku ne, babbar shekararta 7, mai bi mata namiji 5, sai auta shekara 2 da rabi. Yau kwanansu takwas da samun hutu kuma da sauran kusan sati biyar a gaba. Ni a gida nake ɗinki, in na hau keke ba na son ana ja min zani kowane minti biyu, to abin da na saba shi ne in miƙa musu wayata ko in kunna musu katun su yi shiru in samu in yi aikina. Da farko dabara na ɗauki abin, yanzu ya zame min ƙarfen ƙafa. Ido na buɗewa sai "Mama waya", ko baki ba a wanke ba. Jiya na karɓa a hannun na tsakiyan zan kira mai kaya, yaron nan ya zube ƙasa yana ta birgima da ihu har maƙociyata ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Autan kuwa da ko magana bai gama iyawa ba ya haddace zanen da nake buɗe wayar da shi, sau biyu ina canzawa yana ganewa, ban san ta ina yake leƙena ba.

Abin da ya fi damuna ma barci ne, sai sha ɗaya na dare idonsu biyu, da safe kuma a tashi da ƙunci da faɗa.

Kar a ce in sayo kayan wasa dan Allah, babu halin, kuma wancan hutun da na daure na saya kwana biyu aka yi motar ba taya 'yar tsanar ba kai. Gidan ma ba wani fili, ɗan tsakar gida ne kawai. Ina son abin da za su yi da abin da ke cikin gida, wanda kuma ba sai na zauna a kansu wuni guda ba don ɗinkin mutane na jirana.

Malamar_Nazare:

Wa alaikumus salam Maman yara, sannu da fama. Ba ke kaɗai ba ce, mu a aji satin farko na dawowa hutu muke gane wanda ya yi hutunsa a kan waya, labarin minti biyar ma ba ya iya zama ya ji ƙarshensa.

Abu na farko ki nemi kwali. Babban kwali fanko wanda yaro zai iya shiga ya zauna a ciki. Ki yanka musu ƙofa da taga da kanki tunda aikin wuƙa ne, ki ba su alli ko fensir mai kala, ki koma kan kekenki kar ki ce musu ga abin da za su yi da shi. Yau gida ne, gobe mota, jibi shago, gata asibiti ana yi wa auta allura, haka za su yi ta yi har kwalin ya mutu murus. Kar ki raina shi fa, akwai wani gidan tarihin kayan wasa a birnin Rochester na Amurka da suke zaɓar kayan wasan da suka fi daɗewa yara na so su karrama su, a 2005 suka saka kwali fanko a jerin, a 2008 kuma suka saka sanda, eh sanda dai wadda ake tsinta a ƙasa. Motar batir abu ɗaya ta iya, ta yi gaba ta yi ƙara, yaro ya kalla sau goma ya gaji sai ya ce bari ya ga me ke cikinta, shi ya sa taki ta rasa tayoyi. Shi kuwa kwali bai iya komai ba dole yaron ne zai yi aikin da kansa.

Na auta mai sauƙi ne, ki ba shi kofi da ruwa zalla da tsohon buroshi ko soso ki ce ya yi miki fentin bango ko siminti. Yana shafawa yana ganin wurin ya canza kala, rana ta busar ya sake. Ba datti ba asara, kuma ina ganin 'yan shekara biyu suna rabin awa a kan wannan kaɗai.

Sai kwaɓin wasa: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, ruwa kamar kofi 1 amma ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina murzawa har ya daina kama hannu. Su gina abin da suka ga dama, wanda suke so a ajiye a shanya a rana ya bushe su shafa masa kala, sauran ki ƙulle a leda gobe a ci gaba.

Amma wanda na fi so ki riƙe shi ne wannan, tunda ɗinki kike yi ai kina zaune a kan kayan wasa ba ki sani ba. Ƙyallayen da kike sharewa ki zubar, ki tara su a buhu. Mai shekara 7 ta isa riƙe babbar allura, ki nuna mata ɗinkin hannu sau ɗaya ta ɗinka wa 'yar tsanar nan marar kai riga, ko ta koyi ɗaura maɓalli. Na 5 ki ba shi aikin ware ƙyallaye ja da ja shuɗi da shuɗi, ya naɗe miki zare, ya riƙe miki tef kina awo, ki ce masa shi ne yaron shagonki. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantar ƙananan yara a birnin Rum a 1907, abin da ta lura da shi kenan, yara ƙanana sun fi nutsuwa a kan aikin gaske irin shara da goge tebur da zuba ruwa daga wannan kofi zuwa wancan fiye da kayan wasan da aka jibge musu. Jan zanin da suke miki ɗin nan yawanci so suke a sa su cikin abin da kike yi. Aikinki zai ɗan ragu da sauri kam, wannan ba zan ɓoye miki ba.

Baban_Tagwaye:

Malama ta gama magana a kan abin yi, ni inda zan sa baki daban ne don na taɓa shiga wannan halin da tagwayena, yanzu shekararsu 6. Hajiya ko dabara ɗari aka rubuta miki, ranar farko ba wadda za ta yi aiki, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Za ki kawo kwalin su kalle shi su kalle ki su ce waya. Mu sai da muka yi kwana uku ana kuka kamar gidan makoki, na huɗu ne na fito na tarar sun jera takalman gidan kaf wai jirgin ƙasa ne, ba wanda ya koya musu. Inda yawancinmu ke faɗuwa rana ta biyu ce, kukan ya ishe ka ka miƙa wayar, to ka koya wa yaro cewa in ya ƙara minti goma a kan kukan jiya zai samu, gobe kuwa zai ƙara.

Sai abin kunyar da ya same ni. Ina cikin yi musu wa'azin waya na ɓata ido, Hassanar ta ce "Baba to kai naka idon fa?" ga wayar a hannuna ina latsawa hhh. Tun ranar in na shigo gida nake jefa ta a durowa sai an kira. Ke tunda ta sana'a ce ki sa ta a sama inda ba sa gani ki ƙara mata ƙarar kira, abin da ido bai gani ba rai bai cika nema ba.

Kayan wasan da suka rage musu ma, har karyayyun, kar ki bar su zube gaba ɗaya. Raba su gida uku ki ɓoye kashi biyu, duk sati ki musanya, za ki ga suna murna kamar sabo aka kawo. Akwai binciken da aka yi a jami'ar Toledo ta Amurka aka buga a 2018, an ba yara 'yan wata 18 zuwa 30 kayan wasa guda 4 a wani zama, guda 16 a wani zaman, sai aka ga da guda huɗun sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Ashe rashin kuɗinmu ma wani gatan ne.

Waɗanda suka karɓu a gidana kuma ko sisi ban kashe ba, akwai zanen inuwa. Yaro ya tsaya a tsakar gida da safe ɗan uwansa ya zagaye inuwarsa da alli ko gawayi, a yi alama a inda ƙafarsa take, da tsakar rana ya dawo daidai wurin a sake, da yamma a sake. Za su ga ta safe doguwa ta yi gefe guda, ta rana ta tsuke ta dawo gindin ƙafa, ta yamma ta miƙe ɗaya gefen, daga nan tambayoyi za su ɓarke sai kin gaji da amsawa. Akwai wayar gwangwani, gwangwani biyu ki huda gindinsu da ƙusa ki zura dogon zare ki ƙulle, ki dai duba bakin gwangwanin ba kaifi. Sirrin shi ne zaren ya miƙe tantan kar ya taɓa komai, don girgizar muryar ce ke bin zaren ta isa ɗaya kunnen, in ya saki ba a jin komai. Tunda waya suke so ga waya nan.

Sai shuka. Kowa a ba shi kwalba ko roba mai nuna ciki, a sa jiƙaƙƙiyar auduga ko tishu, a maƙala ƙwayar wake a jikin kwalbar daga ciki yadda za a riƙa ganinta. Cikin kwana uku zuwa biyar saiwa za ta fara fitowa ta yi ƙasa kafin ganye ya yi sama. Amfaninsa a wurina ya ba su abin da za su ruga su duba da sun tashi, maimakon "Baba waya" sai ya koma "Baba nawa ya fi nata tsawo".

Anti_Nas:

Duk shawarwarin nan suna da kyau amma ina roƙon Maman yara ta karanta nawa kafin ta fara, saboda autan. Ɗan ƙasa da shekara 3 komai baki yake kaiwa, wani lokacin hanci ko kunne. Waken Baban Tagwaye da maɓallan Malama da allura duk su zauna inda hannunsa ba ya kaiwa. Wake in ya shiga hanci yana shan danshi ya kumbura, kar a sa tsinke ko ashana a ce za a zaƙulo, ƙara tura shi ciki ake yi, a tafi asibiti. Ma'auni mai sauƙi: duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu to zai iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Fasasshen balan-balan ma haka, yana cikin mafi haɗari.

Karyayyun kayan wasan nan ki duba ko akwai mai ƙaramin batir ɗin nan zagayayye kamar maɓalli, ki cire ki yar da shi nesa. In yaro ya haɗiye shi ya tsaya a hanyar abinci zai iya ƙona wurin cikin awa 2 kacal. Ƙananan maganaɗisu ma in aka haɗiye biyu suna manne wa juna ta jikin hanji. Kwaɓin fulawan nan gishirinsa ya yi wa cikin yaro yawa, to autan ya yi kina kallonsa. Wasan ruwa kuma kofi ya isa, kar a bar shi da bokiti ko baho ko da ruwan kaɗan ne, kan ƙaramin yaro na da nauyi in aka gwada da girman jikinsa, in ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa kuma ba za ki ji ihu ba.

Batun awa nawa ya dace, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a rana kuma in ya gaza haka ya fi. A ƙa'idar dai suka ce ɗan shekara 1 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki na minti 180 a warwatse cikin wuni, a wata ƙa'idar tasu ta 2020 kuma suka ce daga shekara 5 a samu kamar minti 60 a rana na wasan da zai sa shi haki. Matsalar barcinku daga nan take, jikin da bai gaji ba ga hasken waya a ido har dare, hasken na jinkirta sinadarin da ke kawo barci. Likitocin yara na Amurka shawararsu a kashe komai awa ɗaya kafin kwanciya.

Kuma ɗan tsakar gidan nan da kike rainawa ki yi amfani da shi sosai da safe da yamma in rana ba zafi. Hasken waje na rage wa yara haɗarin matsalar rashin ganin nesa, a Taiwan tun 2010 suka sa makarantun firamare su riƙa fitar da yara waje minti 120 kullum saboda wannan, kuma matsalar idon da ke ta hawa ta fara sauka.

Uwar_Gida_Ce:

Ni fa tsakani da Allah ina ganin ana ɗora wa iyaye mata laifi da yawa a maganar nan. Mace ita kaɗai da yara uku da girki da wanki da ɗinkin mutane, a ce ko katun kar ta kunna? Ni ban hana nawa gaba ɗaya ba kuma ban ga abin da ya same su ba. Abin da na yi na tsayar da lokaci ɗaya tak, lokacin da nake gaban wuta don shi ne ba na son su kusa da ni, kuma a talabijin ba a waya ba. Ita waya a hannunsa take, wannan na ƙarewa wani na shigowa ba iyaka, talabijin kuwa rimot na wurina. Kuma kar ki ce "saura minti biyar", ɗan shekara 5 bai san minti ba, ki ce in wannan ya ƙare shikenan, kuma ki bar shi ya danna kashewar da hannunsa, ban san dalili ba amma yana rage kukan sosai.

Kakar_Yara:

Jikata ke rubuta min ina faɗa mata. 'Yata, na raini takwas ban taɓa zama na tsara wa yaro wasa ba. In ya zo ya ce miki ya gaji da zama, ki ce to sannu, ki ci gaba da aikinki, kar ki zabura kina nema masa abin yi. Zai yi ta zagaye yana ƙunƙuni, can sai ki ji shiru, ki leƙa ki tarar ya samo wa kansa. Shirun dai ki riƙa leƙawa don wani shirun ɓarna ce.

Abin da yaranki suka rasa yara ne. 'Yan ɗaki ɗaya su uku faɗa za su yi ta yi, amma in suka kai shida bakwai wasa ne zai tashi. Maƙociyar nan da ta leƙo ba ta da yara? Ku yi magana, yau a turo su wurinki awa biyu gobe ki tura naki wurinta, ranar da ba su nan ki yi ɗinkinki hankali kwance. Alli ɗaya ya isa 'yar gala-gala, igiya ɗaya ta isa tsalle, ɓuya ko komai ba ta so. Babbar ki koya mata carafke amma a kwashe duwatsun saboda ƙaramin. Ki ba ta girmanta ki ce ita ce malama, sai dai kar ki mayar da ita mai raino wuni guda, ita ma yarinya ce.

Da dare kuma a kashe fitila ki yi musu tatsuniya, in ba ki tuna ba ki ƙirƙira, ba wanda zai kama ki. Ki tsaya a daidai inda ya yi daɗi ki ce sai gobe. Da kansu za su riƙa jan ki zuwa shimfiɗa.

Maman_Uku:

Na dawo da rahoto, yau kwana shida. Allah ya saka wa kowa da alheri, Kaka na gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Baban Tagwaye gaskiyarka, mu har kwana huɗu muka yi ana daru, rana ta biyu saura ƙiris in miƙa wallahi, sai na shige banɗaki na rufe ƙofa na bar shi ya gama. Ban hana gaba ɗaya ba, na bi ta Uwar Gida, katun ɗaya lokacin girkin rana a talabijin, wayar kuma tana saman kwaba. Anti Nas na duba motar nan kuwa na tarar da ƙananan batir uku a ciki murfin ma ya fita, jikina sai da ya yi sanyi.

Kwali na samu biyu, ɗaya ya riga ya rasu, ɗayan yanzu shagon ɗinki ne an buɗe min kishiya a tsakar gida, babbar na karɓar ɗinki ƙaninta na awo da igiya, har ni aka auna aka ce in dawo jibi. Kwaɓin fulawa dai bai karɓe ni ba, ina juya baya auta ya cusa shi a ramin makullin ƙofa sai da muka yi awa muna tsokalowa, na ajiye wannan sai ya ƙara wayo. Fentin ruwa kuwa kamar don shi aka yi. Barci ya dawo tara da rabi, jiya na tsakiyan ma ban kai ƙarshen tatsuniyar ba ya yi gaba. Maganar maƙociya mun fara shekaranjiya, ranar da bakwai suka taru a gidana kaina kamar zai tsage amma washegari na gama riguna biyu.

Yanzu ga sabuwar rigima. Waken babbar ya fito har ya yi ganye, na ƙaninta ko motsi, don kullum sai ya ciro shi ya duba ko ya tsiro ya mayar, na hana ya ƙi ji, yau da safe ya ga na yayarsa ya fashe da kuka wai an ba shi mataccen wake. Ina da wasu da na jiƙa a ɓoye sun fara tsagewa. In musanya masa da daddare yana barci, ko in ba shi sabo ya sake daga farko ya ga abin da cire-ciren ya jawo?